Ambaliyar Injin Wanki: Gano Sababinta da Gyara Ta a Gida

Ruwan da ke zuba daga famfunan Tamanrasset tun shekarar 2011 baƙo ne mai doguwar tafiya, domin a yankin In Salah ake haƙo shi daga ƙarƙashin ƙasa, a turo shi cikin bututu tsawon kilomita 750, tashoshin injuna shida suna karɓarsa ɗaya bayan ɗaya, suna ɗaga shi fiye da mita 1,000 kafin ya hau tudun Ahaggar ya iso gidajen mutane. Kuma dattawan garin, Abzinawa da Larabawa da 'yan'uwanmu Hausawa waɗanda fatauci ko neman abinci ya kawo su daga Agadas da Tawa da Damagaram, suka zauna a Gataa el-Oued da Tahaggart da sauran unguwanni, ba su manta da zamanin da ake dakon motar tanki ana auna ruwa da jarka ba. A gari irin wannan, inda ruwan saman shekara guda bai kai abin da Kano kan samu a rabin watan Agusta ba, injin wankin da ya ƙi daina shan ruwa har ya tumbatsa ya malale tsakar gida ba ƙaramar hasara yake jawowa ba, gama bawul ɗin da ya maƙale a buɗe yana iya zubar da kimanin lita 10 a kowane minti idan ruwa na da ƙarfi, wato lita 600 ke nan cikin sa'a guda, kafin uwargida ta je kasuwa ta komo, alhali wanki ɗaya cikakke a injin mai ƙofa a gaba bai cika wuce lita 50 zuwa 60 ba. Wannan israfi ne ko da ba da gangan aka yi shi ba, ga haɗarin lantarki a ƙasa mai jiƙa, ga kuma haƙƙin maƙwabci idan danshi ya shiga katangar da ke tsakani, musamman a tsofaffin gidajen jar ƙasa.

Manufar wannan jagora ita ce mai gida ya san sababin ambaliya kafin ya fitar da dinarinsa, domin abin da ya fi cutar da mutane a wannan babi shi ne sayen kayan gyara bisa zato. Masana'antun da ke haɗa injunan nan duk suna can arewacin Aljeriya, Condor a Bordj Bou Arréridj, Brandt a Sétif, ENIEM a Tizi Ouzou, tsakaninmu da babban birni kuwa akwai tafiya ta kusan kilomita 2,000, saboda haka abin da babu shi a kantunan gari sai an yi saƙo an jira, kuma babu takaici kamar a jira allon lantarki mai tsada kwana da kwanaki, a ɗaura shi, sa'an nan a tarar ashe ƙwayar yashi ce ta tokare bawul. Sharaɗi guda ne zan gabatar tun da farko: injin da bai fita daga wa'adin garantinsa ba kada a kwance masa murfi, a mai da maganarsa ga wanda ya sayar, sai dai abubuwan da ake dubawa daga waje, waɗanda za su zo a wurarensu.

Idan ka tarar da ambaliya tana cikin faruwa, lantarki ne farkon abin kashewa, kuma ba daga jikin injin ba. Wutar gidajen Aljeriya bolt 230 ce, ta isa ta kashe babban mutum idan yana tsaye cikin ruwa babu takalmi, don haka kada ka taka ruwan ka nufi soket. Ka je babban makunnin gida da ke kusa da mita, wanda ake kira dijonkter, ka sauke shi da busasshen hannu, ka hana yara shiga wurin, sa'an nan ka komo ka rufe famfon da ke ba injin ruwa, daga baya ka zare fulogi. Bayan wannan sai fitar da ruwan da ke ciki, kuma kada ka yi kokawa da ƙofar injin mai buɗewa ta gaba, domin ruwan da ke bayanta zai kwararo gaba ɗaya. A ƙasan injin daga gaba akwai ɗan murfi, a bayansa akwai toton matata mai murɗawa, yawanci tare da siririn tiyo mai toshiya. Ka jawo tiyon ka tara faffaɗan kwano, ka riƙa juyewa a bokiti har ya tsane. Idan babu siririn tiyon, ka sauko da babban tiyon fitar da ruwa daga bango ka kwantar da shi ƙasa, ruwa zai bi shi da kansa. Ruwan da aka tara, in mai tsabta ne, ya yi wa shara da banɗaki amfani.

To, ba duk ruwan da ya zuba a ƙasa ne ambaliyar cika ba, kuma wanda ya lura da inda ruwan ya fito da lokacin da ya fito ya rage wa kansa rabin wahala. Akwai ruwan da ke hawa cikin ganga har ya haura rabin gilashin ƙofa ya ɓullo ta aljihun sabulu ko ta baya, ko ya haura bakin baho a injin mai buɗewa ta sama, wannan shi ne ainihin ambaliya. Akwai kumfa da ke tasowa ta yi tsiri ta fito ta aljihun sabulu a tsakiyar wanki. Akwai ruwan da ke ɓulɓulowa daga bututun bango sa'ad da injin ke fitar da ruwan wanki, wannan kuwa laifin magudana ne. Ya kamata kuma a sani cewa injunan zamani masu ƙofa a gaba ruwa kaɗan suke sha, da ƙyar ake ganinsa a ƙasan gilashi, kuma da yawa daga cikinsu an yi musu kariya, ta yadda idan ruwa ya wuce haddi sai injin zuƙe ruwa ya tashi da kansa. A irin waɗannan alamar ciwon ita ce a ji injin yana sha yana fitarwa lokaci guda ba ya ƙarewa, tankin gida yana raguwa alhali ƙasa a bushe take.

Fahimtar yadda injin ke sanin ya ƙoshi ita ce asasin sauran bayani. Abubuwa uku ne ke aiki tare. Na farko bawul ɗin shigar ruwa, wanda masu kanti a nan ke kira elektroban, yana bayan injin daidai inda tiyon famfo ke ɗaure, lantarki ke buɗe shi, idan an yanke masa wuta ya rufe. Na biyu ma'aunin cika, wanda ake kira firesosta, wani ɗan kewayayyen abu ne da bai fi tafin hannu ba, a maƙale can sama ƙarƙashin murfi, da siririn tiyo da ya sauka daga gare shi zuwa wani kurtun iska a gindin baho. Wannan ma'auni ruwa ba ya taɓa shi ko kaɗan, iska yake aunawa: idan ka kifa kofi cikin bokitin ruwa ka danna shi ƙasa, iskar da ke ciki ba ta da mafita, sai ta matsu gwargwadon zurfin da ka kai shi, to haka ruwa ke matsa iskar kurtun nan yayin da yake hawa cikin baho, iskar ta bi tiyo ta tura wani tantanin roba a cikin ma'aunin, shi kuma ya ba da labari cewa an kai haddi. Na uku shi ne allon lantarki, kart a bakin masu gyara, wanda ke karɓar labarin ya yanke wa bawul wuta. Ambaliyar cika ba ta da sababi sai ɗayan waɗannan: ko bawul ya ƙi rufuwa bayan an yanke masa wuta, ko labari bai iso ba, ko ya iso allo bai yi aiki da shi ba.

Akwai gwaji guda wanda ke rarrabe tsakaninsu ba tare da an kwance ko ƙusa ɗaya ba, kuma a ganina duk mai gyaran da ya ambaci kuɗin kaya kafin ya yi shi bai cika amanar sana'arsa ba. Bayan wuri ya bushe sarai, ka sa takalmin roba, ka bar ganga babu kaya, ka buɗe famfo, ka zaɓi gajeren wanki, ka tsaya inda hannunka zai kai ga fulogi da famfo duka. Da ruwa ya fara shiga, kana jin ƙararsa a aljihun sabulu, sai ka zare fulogi ka kasa kunne. Idan ruwa ya ci gaba da shiga alhali babu wuta, magana ta ƙare, bawul ne, gama babu abin da ma'auni ko allo za su iya yi ba tare da lantarki ba. Idan kuwa ruwa ya tsaya nan take, bawul lafiyarsa lau, bincike ya koma ga tiyon iska da ma'auni. Akwai hali na uku da ake gani tun kafin a kai nan, wato ruwa ya fara shiga da zarar an soka fulogi, ba a taɓa kowane maɓalli ba, ya kuma tsaya idan an zare. Wannan yana nuni ga allo. Sai hali na huɗu mai tafiya a ɓoye, inda ake kwana injin a kashe, a wayi gari da ruwa cikin ganga: in ruwan garau yake, bawul ne ke yoyo a hankali, in kuwa gurɓatacce ne mai wari, daga magudana ya komo.

Zan daɗe a kan bawul, domin shi ne ya fi shan wahalar ruwan wannan ƙasa tamu. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne ƙarfin ruwan da kansa ke rufe shi. A cikinsa akwai tantanin roba mai ƙananan huji biyu, ɗaya a gefe wanda bai fi tsinin allura ba, ɗaya a tsakiya wanda wani ɗan ƙarfe mai sifirin ke toshewa. Idan wuta ta shiga kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke kan bawul, maganaɗisu ya ɗaga ɗan ƙarfen, ruwan da ke bisa tantani ya tsere ta hujin tsakiya, tantani ya ɗagu, ruwa ya wuce. Idan wuta ta ɗauke, sifirin ya mai da ɗan ƙarfen mazauninsa, ruwa ya shiga ta hujin gefe ya taru a bisa tantani ya danne shi, hanya ta rufe. Daga wannan za ka gane cewa ƙwayar yashi guda, ko ɓarɓashin tsatsa, ko farin ɓawon gishirin da ruwa ke bari, in ya toshe hujin gefe ko ya kwanta a mazaunin tantani, ya isa ya hana rufuwa. Za ka kuma gane dalilin da ya sa raunin ruwa ke haifar da yoyo: takardun yawancin injuna suna sharɗanta ƙarfin da bai gaza rabin bar ba, wasu bar ɗaya cur, bar ɗaya kuwa daidai yake da tsayin ruwa na mita 10, don haka tankin da ke bisa rufin gida mai hawa ɗaya, mita 3 kacal sama da injin, bai ba da ko sulusin bar ba. Da irin wannan rauni tantani ba ya dannuwa da kyau, sai ruwa ya yi ta ɗiga dare da rana. Maganinsa a ɗaga tanki, ko a sa ɗan injin ƙara wa ruwa ƙarfi, ko a lazimci rufe famfo.

Gyaran ana fara shi da rariyar bakin bawul, kuma wannan ko mai garanti yana iya yi. Ka rufe famfo, ka zare fulogi, ka murɗe tiyon daga bayan injin da hannu, ka leƙa cikin bakin za ka ga 'yar rariyar roba ko ta ƙarfe. Ka kama ta da filaya a hankali ka jawo, ka wanke da tsohon burushin haƙori, in ɓawon gishiri ya kama ta ka jiƙa ta cikin farin ruwan khal na sa'a guda. Kada ka tsokale ta da allura, kuma ina roƙonka kada ka bi shawarar masu cewa a jefar da ita don ruwa ya yi sauri, gama ita kaɗai ce ke tsakanin yashin tanki da tantanin da muka ambata. Idan ka tarar ta yage ko babu ita, ka riga ka sami bakin zaren. Kafin ka mai da tiyo, ka tara bakinsa a bokiti ka buɗe famfo kaɗan domin dattin da ke cikinsa ya fita. Wani lokaci bawul yakan saki bayan wannan, idan aka kunna aka kashe sau da yawa ruwa ya wanke ƙwayar da ta tokare. Amma ni ban yarda da bawul ɗin da ya taɓa maƙalewa a buɗe ba, domin mazauninsa ya riga ya ji rauni, kuɗinsa kuma bai kai hasarar ambaliya ta biyu ba.

Canja shi aiki ne na sukundireba da filaya da natsuwa. Bayan zare fulogi ka dakata 'yan mintoci, domin akwai abin da ke riƙe sauran wuta a ciki, sa'an nan ka kwance ƙusoshi biyu da ke riƙe murfin sama daga baya, ka tura murfin baya ka ɗaga, kana kiyaye hannunka daga kaifin ƙarfe. Ka ɗauki hoton wayoyi da tiyoyin da ke jikin bawul da wayar hannunka kafin ka taɓa kome, gama idan aka musanya waya biyu ruwa zai riƙa shiga ɗakin sabulun da ba nasa ba. Ka zare wayoyi, ka matse maƙalan tiyo da filaya ka ja su baya, ka kwance bawul ka tafi da shi kanti, domin akwai mai baki ɗaya da mai biyu da mai uku, akwai miƙaƙƙe akwai mai kusurwa, kuma adadin wutar da aka rubuta a jikin kwayil, yawanci 220 zuwa 240, lalle ne ya dace da na sabon. Kwayil ɗin da ya ƙone hana shan ruwa yake yi, ba ya jawo ambaliya, saboda haka auna shi da mitar gwaji ba ya bayyana ciwon da muke magana a kai. Amfanin aunawar shi ne ga wanda zai sayi na hannu, inda lafiyayye kan nuna tsakanin om 3,000 da 5,000. Wanda ya sa sabon bawul bai wanke tankinsa ba, bai rufe bakinsa daga ƙurar da iska ke kwasowa ba, bai kuma sa matatar ruwa mai kwalba a kan bututun da ke zuwa injin ba, ya sani cewa sabon zai bi sawun tsohon. Haka kuma duk lokacin da ruwa ya dawo bayan bututu ya wofinta, a tari na farkon a bokiti daga wani famfo har ya washe kafin a ba injin.

Idan gwaji ya wanke bawul, sai a koma ga hanyar iska, a fara da mafi arha, wato siririn tiyon. Ka bi shi da yatsa da fitila tun daga ma'auni har gindin baho, kana neman inda ya zame daga bakinsa, ko inda girgizar matsa kaya ta goga shi da ƙarfe har ya huje, ko inda ya bushe ya tsattsage, ko inda ɓera ya ci. Injin da ke zaune a tsakar gida ya fi fuskantar waɗannan, domin zafin rana da bushewar iskar Sahara suna tsofar da roba da wuri, sanyin dararen Disamba da Janairu kuma, wanda a tudun nan yakan kusanci daskarar da ruwa, yana sa ta ƙage. Hujin da ido ba ya gani ma ya isa, tun da iska ce ke tsere ta cikinsa, kuma alamarsa sananniya ce: injin ya cika daidai ya fara wanki, bayan ɗan lokaci ya ƙara ruwa, ya sake ƙarawa, har ya wuce haddi. Don tabbatarwa ka cire tiyon ta ɓangarorin biyu, ka toshe baki ɗaya da yatsa, ka nutsa shi cikin ruwa ka hura ɗayan, kumfar iska za ta nuna maka wurin. Kada a naɗe shi da salatif, a canja shi da mai faɗi da tsawo irin nasa. Idan tiyo lafiya yake, ka mai da bakinsa na ƙasa, ka hura daga sama zuwa baho; iska ta wuce da sauƙi, in ka ji tauri to kurtun iska ya toshe da daskararren sabulu da laka, sai a kwance shi a wanke da ruwan zafi da ɗan burushin kwalba.

Shi kansa ma'aunin iri biyu ne. Tsohon samfuri, mai faɗi da wayoyi da yawa, idan ka soka masa ɗan guntun tiyo ka hura a hankali za ka ji ya yi ƙas, wani sau biyu ko uku gwargwadon matakan ruwansa; ka matse tiyon da yatsa ka jira, in ya sake yin ƙas da kansa kafin ka saki, tantaninsa ya huje, in bai yi ƙarar ba sam, ya mutu. Sabon samfuri ƙarami ne mai waya uku, ba ya ƙara, kuma ba a gane lafiyarsa da kunne, sai ta hanyar kore sauran sababai ko gwada wani a madadinsa. Kada a hura da ƙarfi, kada kuma a murɗa ƙananan ƙusoshin da aka ɗiga wa fenti a bayansa, domin ma'aunin masana'anta ne, wanda ya taɓa shi ba zai iya mai da shi da ido ba. Ga kuma wata ƙa'ida da ake yawan mantawa, har a zargi sabon kaya da laifin da ba nasa ba: ba a mai da tiyon iska alhali akwai ruwa a baho, domin ruwan ya riga ya cika kurtu babu iskar da zai matsa, ma'auni zai ɗauka baho wofi ne ya nemi ƙari. A tsane baho ƙaf tukuna.

Allo shi ne na ƙarshe da ake tuhuma, kuma gyaransa ba na gida ba ne. Abin da ke ƙonewa a cikinsa yawanci ɗan ƙaramin makunni ne mai ba bawul wuta, wanda gwanin gyaran lantarki kan canja shi kaɗai ba tare da an sayi allo sukutum ba, don haka a tambayi wannan kafin a yi saƙo arewa. Haruffan da injin ke nunawa suna taimakawa in an karanta su da takardarsa, gama kowane kamfani da nasa isɗilahi: FE a injin LG yana nufin ruwa ya wuce haddi, PE kuma ma'auni, amma OE a wurinsa rashin fitar ruwa ne, alhali OE ko OC a injin Samsung shi ne cikar da ta wuce haddi.

Ambaliyar kumfa kuwa sababinta a hannunmu yake. Garin sabulun wankin hannu an yi shi ne domin ya yi kumfa, injin mai ƙofa a gaba kuma yana bugun ruwa da kaya ta yadda kumfar ke ninkuwa har ta cika ganga, ta ruɗa ma'auni, ta fito ta aljihu. A sayi wanda aka rubuta wa na injin otomatik, a bi ma'aunin da ke jikin kwali, idan kuma kumfa ta riga ta tashi a tsayar da injin har ta kwanta, sa'an nan a sa ɗauraya. Aljihun sabulun ma ana zare shi ta danna harshen da ke tsakiyarsa, a wanke shi da 'yar hular da ke ɗakin turaren kaya, a goge ƙananan hujin da ke rufin mazauninsa. In kuwa ruwa na fantsamowa saboda injin ƙara ƙarfi ya yi yawa, a rage buɗin famfo. Wanki guda babu kaya a zafin digiri 60 ko 90 kowane wata yana narkar da dattin da ke toshe kurtun iska.

Saura magudana, kuma a nan maganar ta shafi tsarki. Bakin tiyon fitarwa ya kamata ya tsaya tsakanin santimita 60 da 100 daga ƙasa, a soka shi kimanin santimita 15 cikin bututun bango, a bar sarari iska na shiga, kada a liƙe. In ya yi ƙasa, ruwa zai riƙa zurarewa da kansa injin yana ta sha ba ya cika. In bututun bango ya toshe da zare da yashin da ke fita daga tufafi, ruwa zai tumbatso daga bakinsa, sai a zare tiyo a zuba bokiti guda don gwaji, a bi shi da waya mai lanƙwasa. Inda aka haɗa tiyon da magudanar wanke-wanke ko ta banɗaki ba tare da an ɗaga tsakiyarsa sama ba, gurɓataccen ruwa yana iya komawa cikin ganga bayan an gama ɗauraya, malamanmu na Malikiyya kuwa sun bayyana cewa hukuncin najasa ba ya gushewa sai da ruwa muɗlaƙi, wanda launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canja ba. Saboda haka tufafin salla da irin wannan ruwa ya taɓa, in akwai najasa a magudanar, sai an sake ɗauraye su bayan an gyara haɗin. Matatar da ke ƙasan injin ita ma a buɗe ta duk bayan wata biyu ko uku, a fitar da tsabar kuɗi da maɓallai da yashi. Injin mai baho biyu, wanda ake cika shi da tiyo da hannu, ba shi da bawul na lantarki ko ma'auni, ambaliyarsa daga barin famfo a buɗe ne ko toshewar hujin rarar ruwa da ke saman baho.

Bayan kowane gyara, ka mai da murfi kafin ka soka fulogi, ka yi wanki guda babu kaya kana tsaye a wurin daga farko har ƙarshe, ka ga ruwa ya tsaya a haddinsa, ka sake gwajin zare fulogi, ka shafa busasshen tsumma a kowane haɗi don ganin ko akwai ɗigo, sa'an nan ka bar famfo a buɗe dare guda da ganga a wofi ka duba da safe. Tiyon famfo a canja shi duk shekara 5 ko da bai nuna gajiya ba, famfon kuma a rufe shi bayan kowane wanki, a koya wa duk mutanen gida inda yake da inda dijonkter yake. Amma idan ruwa ya taɓa allo ko motar injin, ko ka ji ƙaurin ƙonewa, ko jikin injin yana jan hannu, ko dijonkter yana sauka da zarar an soka fulogi, to, ɗan'uwa, kada ka sake ba shi wuta. Ka kira ma'aikacin lantarki ya duba injin, ya kuma tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa da makunnin kariya na miliamfiya 30.